Sunan da Gwamma Ba Ta Faɗa

Wanda bai taɓa ganin an shigar da mutum cikin katako da ransa ba, ya matso ya ji abin da ya faru a garin Rafin Gawo, ranar bikin 'yar Sarkin Pawa, da rana tsaka, idon kowa biyu.

Gwamma zabiya ce a tsakiyar fili tana waƙa, mata na kaɗa ƙwarya, 'yan amshi na karɓa. Ita Gwamma ba ta rera waƙar kowa, tata take ƙagawa nan take, kuma bakinta ba ya tsallake mutum. Ta wasa ango, ta yi wa uwar ango habaici, ta saka sunan mai goro, har jakin mai ruwa da ke ɗaure a gindin katanga sai da ya samu baiti guda. Ana cikin shewa sai ga wani dogon baƙo ya ratso taro, rungume da farin allo mai faɗin ƙyauren ɗaki. Ya rusuna ya ce, "Ya ke ma'abuciyar zaƙin harshe, ubangidana ya ji labarinki. Yana roƙon ki yarda a ɗauki surarki a kan wannan allo, don a riƙa tunawa da ke bayan ƙasa ta rufe miki ido."

Gwamma ta yi dariya ta ce, "Malam, in dai za ka rage mini faɗin hancin nan, na yarda."

Ba ta rufe baki ba baƙon ya kifa mata allon a fuska. Aka ji ƙara kamar an fasa tulu. Da ya ɗaga allon, babu Gwamma sai takalmanta, ga surarta an sassaƙa a jikin katakon, baki a rufe gam. Wasu mahauta biyu suka zaro wuƙaƙe suka yi kansa. Ya cafki na farko ya murɗe masa wuya ya maka shi da katanga. Na biyun kuwa ya kama hannunsa ya fizge shi tun daga kafaɗa, ya yi ta jibgarsa da shi har ya daina motsi. Guguwa ta taso ta naɗe baƙon da allonsa, ba a sake ganinsu ba. Abin da ya bari kawai ɗigon baƙar tawada ne a ƙasa, ya miƙe ya nufi daji.

Gwamma na da 'ya'ya, amma 'yar farinta ita ce Barira. Kun san al'adarmu da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta san da zamansa. To, Gwamma ta ɗauki abin nan da zafi fiye da kowa. Tun da aka yaye Barira aka kai ta gidan kakarta Tasalla mai sassaƙar ƙwarya, can ta girma, can ta koyi riƙe wuƙa har ta fi tsohuwar iya zane. In suka haɗu a hanya sai Gwamma ta kawar da kai. In za ta aika mata da abu sai ta ce, "A kai wa waccan." Ita kuma Barira "Yaya" take ce mata, yadda ta ji ƙannen uwar na faɗa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma abin na cin ranta: jakin mai ruwa ya samu baiti, ita ko rabin baiti ba ta taɓa samu ba.

Ran kasuwa sai ga takardu sun cika rumfuna, ba wanda ya san wanda ya kawo su. Kowace na ɗauke da surar wata siririyar mace mai ɗan tsukakken baki, da irin zanen da Gwamma ta ɗaura ranar biki. Mutanen gari, Allah ya shirye su, suka hau rububi suna cewa, "Ashe Gwamma kyakkyawa ce ba mu lura ba!" Suka liƙa ta a bangon ɗakunansu. Sai kuma aka lura waƙoƙinta na zubewa daga kan mutane. 'Yan amshinta su fara baiti, su tsaya a tsakiya suna kallon juna.

Tasalla ta shafa takardar da yatsunta ta ce, "Ƙawata, zauna ki ji. Wannan aikin Sarki Dunƙurau ne, mai Birnin Alluna. Wata zabiya ce ta taɓa yi masa zambo a gaban fadawansa, aljanu suka yi ta dariya har suna faɗuwa. Tun ranar ya rantse ba zai bar mace mai waƙa da buɗaɗɗen baki ba. Ya sa ta cikin allo, a shafa tawada, a danna takarda, a watso mana. Duk dannawa ɗaya, baiti ɗaya ya fita daga cikinta, numfashi ɗaya ya bi shi. Ranar da allon ya shafe, ta mutu ke nan."

Barira ta ce, "Zan je in ɗauko ta."

Tsohuwa ta ce, "Wadda ko kallonki ba ta yi?"

"Ita fa, Kaka. In na dawo da ita sai ta ci gaba da rashin kallon."

Tasalla ta yi kuka, sannan ta ciro wuƙar sassaƙarta, 'yar gajera mai lanƙwasasshen baki, ta damƙa mata.

Barira ta bi ɗigon tawada har ya kai ta gindin wani suri da ya fi soro tsawo. Akwai rami a jikinsa. Ta sunkuya ta shiga, ƙasa ta zame da ita, ta yi ta gangarawa har ta faɗo wani fili mai ɗumi. Nan ta ga Sarauniyar Gara kwance, fara tas, jikinta ya kai rumbu girma, kanta kuwa bai wuce na jariri ba. Dakarunta suka kewaye Barira, kowane ya kai ɗan akuya, bakinsu na buɗewa yana rufewa kamar almakashi.

Sarauniya ta ce, "Ya ke 'yar Adam mai ƙamshin ƙwarya a hannu, me ya kawo ki gidan da ba a gayyace ki ba?"

Barira ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, uwar magina. Hanyar Birnin Alluna nake nema."

"Hanya na bayana, kuma ba a wuce ni haka nan. Birnin nan duk katako ne. 'Ya'yana na jin ƙamshinsa suna kuka, amma kogin tawada ya kewaye shi, wanda ya taɓa ruwan a cikinmu ya mutu. Ba za su haye ba sai a cikin naman mai rai. Ki ba ni yatsa ɗaya in zuba ƙwayayena a gurbinsa."

Barira ta dubi hannunta na dama, da shi take ci da shi take sassaƙa, ta ɓoye shi a bayanta. Ta miƙa ƙaramin yatsanta na hagu. Wani badakare ya matso, ƙas! ya datse shi tun daga tushe. Jini ya yi tsartuwa, ta ƙwalla ƙara har ramin ya amsa. Sarauniya ta zuba ƙwayaye cikin raunin, ta tofa jan yumɓu ta liƙe.

Ta ce, "Riƙe magana biyu. Kada ki faɗi sunanki da bakinki a birnin nan ko ana yanka ki, domin wanda ya faɗi sunansa allo zai haɗiye shi. Sannan 'ya'yana in sun ƙyanƙyashe ba su san naki ba, ba su san na wani ba. Katako duk katako ne a wurinsu. Ki yi sauri."

Aka buɗe mata hanya ta fito wani kurmi. Itatuwansa farare ne, kuma duk wanda aka sara jini yake fitarwa yana nishi. Nan ake yanko allunan. Masu saran kuwa aljanu ne masu ido ɗaya, ba su da tafin hannu, gatari ne a dama, gizago a hagu. Ɗaya ya shaƙi iska ya ce, "Ina jin warin mai yatsu!" Ya taso mata. Ta ruga, ya kawo sara, gizagon ya tsaga mata kafaɗa. Ta faɗi, ta mirgina bayan wata bishiya. Ya sake kawo sara da dukkan ƙarfinsa, gatarin ya nutse cikin bishiyar ya maƙale. Kafin ya zare, Barira ta haye bayansa, ta riƙe gashinsa, ta luma masa wuƙar Tasalla cikin idon nan guda, ta juya ta yadda ake ƙwaƙule cikin ƙwarya. Ya yi ruri, ya shiga sara ta ko'ina a makance, har ya sare ƙafarsa da kansa ya kife.

Ta ja wani gungume da ya riga ya kayar, ta tura shi cikin kogin tawada ta haye kai. Da ta kai tsakiya sai hannuwa suka fara ɓullowa daga ruwan. Waɗanda suka riga ta zuwa ne, mazaje da 'ya'ya da 'yan'uwan matan da aka sace, suka nutse nan, ba sa son wani ya haye inda suka kasa. Suka kama ƙafafunta suka jawo ta ciki har iya wuya, har ta sha. Ta ɗaga hannun hagu sama don kada tawada ta taɓa yumɓun, da na dama tana yankan yatsun da ke riƙe da ita ɗaya bayan ɗaya. Haka ta kai gaci, baƙa wuluk tun daga kai har ƙafa, ban da hannun nan guda, shi kuma ta naɗe shi da ɗankwalinta.

Baƙin tawadar nan ne ya shigar da ita birni, domin bayin Dunƙurau duk haka suke, tawada ta rine su. Birni ne da ba a ɗaga murya a cikinsa, kowa raɗa yake yi. Wani shugaban bayi ya zabga mata bulala ya tura ta wani dogon zaure da ba a hango ƙarshensa.

Alluna ne jere a jikin bango, kowane da mace a ciki, matan kowace ƙasa ta duniya. Ga masu lulluɓi, ga masu zobe a hanci, ga masu riƙe da alƙalami, ga masu riƙe da molo. Akwai wata daga tsibiran da rana ke fitowa, gashinta ya sauko har ƙasa ya kwanta, riguna a jikinta wata kan wata, an sa ta riƙe mafici yana kare rabin fuskarta. Allonta ya kusa shafewa don yawan bugu. Bayi na aiki uku-uku: wannan ya shafa tawada, wannan ya shimfiɗa takarda, wannan ya goge bayanta da wani ɗan faifai. Duk gugar da aka yi sai katakon ya yi nishi irin na mai naƙuda.

Aka sa Barira shimfiɗa takarda. Tana yi tana raba ido, ba ta lura jini ya ratso ɗankwalin hannunta ba, sai da ya ɗiga a kan farar takarda. Ja kuwa ba launin birnin nan ba ne. Shugaban bayi ya gani, ya yi tsalle ya shaƙe ta. Suka taru suka lakaɗa mata duka har haƙorinta ya fita, suka ja ta a ƙasa zuwa gaban sarki.

Dunƙurau na zaune a ƙarshen zauren bisa tulin takardu. Fatarsa kamar tsohon turmi take, duk tsaga, kunnuwansa cushe da auduga. Ya zare audugar kunne ɗaya ya ce a hankali, "Ya ke mai jan jini, wace ce ke?"

Ta ce, "Baiwar Allah ce, ranka ya daɗe."

"Sunanki nake tambaya."

Aka zabga mata bulala har fatar bayanta ta tsage, ba ta faɗa ba. Ta tofar da jini ta ce, "Uwata na zo ɗauka, Gwamma ta Rafin Gawo."

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Me kike ƙi a cikin abin da na yi mata? Da tsufa za ta yi, murya ta dushe, a manta da ita. Yanzu ga ta a bangon kowane ɗaki, ba ta taɓa kyau irin na yau ba. Amma tun da kin haye kogina, al'adarmu ta ba ki zaɓi. Ga jeren matan ƙasarku can. Nuna uwarki ki ɗauka. In kin nuna wadda ba ita ba, a faskare allon, a yanke miki kunne. In kin sake kuskure, a faskare wancan ma, a sare miki kai."

Barira ta je gaban jeren ta duba. Masassaƙan sarki sun gyara su duka. An rage hanci, an tsuke baki, an goge tsagar gado, an mai da fuska ɗaya, zane iri ɗaya. Idanu kawai aka bari da rai, suna motsi a cikin katako. Ita kuwa ina ta san idon uwarta, tun da ba su taɓa haɗa ido ba?

Ta bi su ɗaya ɗaya. Duk suna kallonta, kowace na roƙo da ido. Sai ta zo kan wata da ta zuba mata ido cike da ƙauna, hawaye na tsattsafowa ta jikin itacen. Irin kallon nan ne Barira ta yi shekaru tana mafarkinsa. Zuciyarta ta narke, ta ce a ranta wahala ta sa Yaya ta sauko. Ta ɗora hannu ta ce, "Wannan ce."

Sarki ya ɗaga yatsa. Wani mai gatari ya fizgo allon ya kafa shi a ƙasa ya raba shi biyu da sara ɗaya. Wata ƙara ta fito da Barira ba ta manta ba har ta mutu, jini ya malale zauren. Wata baiwar Allah ce daga wani gari, ta bar 'ya mai kama da Barira a gida, shi ya sa take mata wannan kallo. Aka danne Barira aka yanke mata kunnen hagu aka jefa gaban sarki. Zafin kunnen bai kai zafin sanin cewa son ranta ne ya kashe matar nan ba.

Ta miƙe, jini na bin wuyanta, ta koma kan jeren. A wannan karon ta daina neman wadda ke kallonta. Ta yi ta tafiya har kusan ƙarshe, sai ga wani allo da idanunsa ke kallon gefe. Ta matsa ta gefen, idanun suka koma ɗaya gefen. Ta sunkuya ta leƙa, suka yi sama. Mace na cikin katako, ana tatsar ranta, mai ceto na tsaye a gabanta, amma kunyar 'yar fari ba ta sake ta ba. Barira ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta ce, "Yaya, ke dai ba kya canzawa." Ta juya ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ce."

Fuskar Dunƙurau ta ƙara tsagewa don fushi. Ya ce, "Ita ce. Ɗauki katakonki. Amma ki sani ba ta fitowa sai an buɗe mata baki da wuƙa, ta kira sunan wanda ya buɗe. Haka dokar allo take, ba ni na kafa ta ba."

Barira ta zaro wuƙar Tasalla. Ba ta taɓa taɓa fuskar uwarta ba sai yau, yau ɗin ma da wuƙa. Ta kafa bakin wuƙar a kan ɗan tsukakken leɓen nan ta ja, jini ya biyo. Ta faɗaɗa shi har ya kai girman bakin da ta sani, wanda ke cika fili. Leɓen ya motsa, Gwamma ta ja numfashi, ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce ki zo? Dubi yadda suka yi miki."

"Yaya, ki kira sunana mu tafi."

Gwamma ta kawar da idanunta zuwa bango.

Sarki ya fashe da dariya marar sauti, kafaɗunsa na girgiza. Ya ce, "Ashe ma ba ta san sunanki ba! Ku kama ta."

Daidai nan yumɓun hannun Barira ya tsage. Gara ta ɓarko daga gurbin yatsan kamar an kwance bakin buhun gero, tana zuba tana girma, ta bazu a daɓe, ta hau ginshiƙai. Rufin zauren ya fara ƙara. Bayi suka watse, masu gatari suka shiga saran ƙasa suna saran ƙafafun juna. Barira ta tuna maganar Sarauniya, katako duk katako ne. Ta ruga ta bi jeren alluna tana tsaga bakuna, wannan bayan wannan, ba ta tsaya gyara ba, har ta kai kan mai dogon gashi ta fasa maficin ta buɗe nata. Zauren da bai taɓa jin murya ba ya kaure da ihun mata, kowace na cewa, "Sunanki! Yarinya, faɗi sunanki mu kira!"

Ba halin ta faɗa. A duk birnin nan mutum ɗaya ce ta san sunan, ita kuma ta kafe.

Dunƙurau ya diro daga kan takardunsa, ya fizge gatari daga kafaɗar wani bawa har da naman, ya cim ma Barira ya make ta ƙasa. Ya taka hannunta na dama, ƙashi ya yi ƙara, wuƙar ta faɗi. Gara kuwa ta riga ta kai gindin allon Gwamma, ta fara cin yatsun ƙafarta, jini na ɗiga. Barira ta juyo da kai daga ƙarƙashin ƙafar sarki ta ce, "Yaya, ba don ni ba. Jakin mai ruwa ma kin kira shi."

Sarki ya ɗaga gatari saitin wuyanta. Sai Gwamma ta juyo da idanunta, ta dubi 'yarta tsakiyar ido, ta buɗe bakin nan mai jini da muryar da take cika fili da ita:

"Barira, Barira ta fari,
Wadda na haifa ban kalla ba,
Sunanki na ƙarƙashin harshena
Tun ranar suna ban haɗiye ba.
Barira, tashi!"

Allon ya tsage, Gwamma ta faɗo waje. Matan nan kuwa duk mawaƙa ne, ba a koya musu amshi. Suka karɓa gaba ɗaya, "Barira! Barira!" kowace da irin lanƙwasar harshenta. Alluna suka yi ta fashewa kamar ana toya gurjiya a yashi. Gatarin ya suɓuce daga hannun Dunƙurau, ya dafe kunnuwa. Mai dogon gashi ta wurga gashinta ya naɗe wuyan masu gatari biyu, ta ja har idanunsu suka fito. Sauran suka rufar wa bayin sarki da ɓaraguzan allunansu, suna soka suna kwaɗawa. Gwamma ta ja jiki da gwiwa ta kama ƙafar sarki, mata suka kayar da shi, suka zare audugar da ta rage a kunnensa. Suka kafa baki a kunnen dama da na hagu, kowace ta zuba masa zambon da ta daɗe tana dafawa a ciki. Kansa ya tsage tun daga goshi har ƙeya. Ashe shi ma katako ne. Gara ta shiga ta tsagar, yana shure-shure tana ci, har ya zama gari.

Birnin ya rushe, garin katakonsa ya cike kogin tawada, suka taka suka haye. Sarauniyar Gara ta ƙoshi, ta buɗe wa kowace ramin da zai kai ta ƙasarsu. Kafin mai dogon gashi ta shiga nata, ta rusuna wa Barira ta ce, "Ya ke mai wuƙa, a ƙasarmu kowa ya san launin rigunana da tsawon gashina, amma ba wanda ya riƙe baitina ko ɗaya. Zan koma in dame su da murya."

Barira ta ɗaure ɓari biyun allon matar da aka faskare a ƙirjinta, ta goya uwarta a baya, domin gara ta cinye wa Gwamma yatsun ƙafa duka. Haka suka fito ta bakin suri. A bakin gari Barira ta sa aka yi wa allon nan wanka da sutura aka binne shi kamar kowane mamaci, ta daɗe tsugune a kan kabarin.

Takardun da ke bangon ɗakuna duk sun koma farare, waƙoƙi suka dawo kan mutane. Gidan Tasalla ya cika da 'yan barka. Gwamma na zaune a tabarma da tabon wuƙa a gefen bakinta biyu, ana tambayarta yadda aka yi, tana ba da labari tana saka sunan kowa, har Sarauniyar Gara. Da ta zo kan wadda ta buɗe mata baki, sai ta kawar da kai ta ce, "A gaya wa waccan ta zo a wanke mata kunnen nan kafin ya ruɓe."

Tasalla ta ce, "Kai, Gwamma, har yanzu?"

Barira ta ce, "Ƙyale ta, Kaka. Na riga na ji."

Ta zo ta zauna ta ba uwarta baya. Gwamma ta jawo ƙwaryar ruwan ɗumi ta shiga wanke raunin da hannunta, a hankali. Can Barira ta ji wani ɗigo mai zafi na sauka a wuyanta, wanda ba daga ƙwaryar yake ba. Ba ta waiwaya ba, don kada ta ba ta kunya.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan. Gwamma ba ta sake faɗin sunan ba har ta koma ga Allah. Amma in kun taɓa cin karo da tsohuwar ƙwaryar Rafin Gawo mai zanen wata mace, hanci da faɗi, baki a wangame, idanu na kallon gefe, to aikin mai yatsu tara ne, kuma ba ta rage komai ba.